Yadda Ake Shirya Sitidiyon Talabijin da Ɗaukar Shiri a Cikinsa

Mai kallon shirin tattaunawa a gida, abin da yake gani bai wuce mutum uku zaune kan kujeru suna magana ba. Ba ya ganin mutum bakwai ko takwas da ke aiki cikin duhu a bayan kyamarori, ba ya ganin kafintan da ya kwana uku yana haɗa bangon da ke bayan baƙi, kuma ba ya jin muryar darakta da ke shiga kunnen kowane ma'aikaci tun daga farkon shiri har ƙarshensa. Haka ma ya kamata, domin duk ranar da mai kallo ya lura da fitila ko waya ko amon ɗaki, to hankalinsa ya bar maganar da ake yi ke nan.

Shekaru masu yawa wannan sana'a tana hannun gwamnati ne kaɗai. An buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya a Ibadan cikin 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan aka tattara gidajen a ƙarƙashin NTA a 1977. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, ita ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu, intanet kuma ta zo ta ƙarasa buɗe ƙofar. Yau a Sakkwato, ban da NTA da gidan talabijin na Rima, za ka iske matasa sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki suna shirya hira da wa'azi da shirin kiwon lafiya domin Facebook da YouTube. Su nake nufi da wannan bayani, tare da ɗaliban aikin jarida da ake turowa sanin makamar aiki. Kuskuren da na fi gani a wurinsu shi ne zuba dukkan jari a kan kyamara, alhali ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da ake tanada. Zan bi misali guda har ƙarshe, wato shirin tattaunawa na rabin awa, mai gabatarwa ɗaya da baƙi biyu, da kyamara uku.

Ana farawa da takarda

Kafin a taɓa kowace na'ura, furodusa da darakta su zauna su rubuta jadawalin shirin, kowane kashi da tsawonsa. Ga yadda rabin awa ke iya rabuwa: kiɗan buɗewa sakan 30, sallama da gabatar da baƙi minti ɗaya da rabi, kashin farko na hira minti 11, talla minti 2, kashi na biyu minti 11, sallamar rufewa minti ɗaya, sunayen ma'aikata sakan 30. Jimla ta kama minti 27 da rabi, ragowar kuma ta gidan talabijin ce domin sanarwarsa. A buga wannan takarda a ba kowane ma'aikaci tasa a hannu. Bayan ita sai zanen ɗaki kamar ana leƙensa daga sama, a nuna inda kowace kujera da kyamara da fitila za ta tsaya, da inda wayoyi za su bi. Gyara kuskure da fensir a kan takarda ya fi sauƙi a kan cire ƙusa daga katako.

A nan ne kuma ake tsayar da lokacin ɗauka. A garinmu babu unguwar da lasifikar masallaci ba ta kai mata, saboda haka mu ne za mu tsara aikinmu ya dace da lokutan salla. Daga ƙarfe tara na safe zuwa kafin azahar shi ya fi dacewa, domin ma'aikata da baƙi ba su gaji ba, kuma zafi bai kai maƙura ba. Ranar Juma'a a gama da wuri ko a bar ta gaba ɗaya.

Ɗaki da wutar lantarki

Kada a zaɓi ɗaki da ido kawai. A shiga, a rufe ƙofa, a yi shiru na minti biyar a saurara. Idan ana jin odar 'yan kabu-kabu da keke napep, ko injin niƙa, ko mai walda a maƙwabta, makirfo zai ji fiye da abin da kunne ya ji. Sannan a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi a tsakiyar ɗakin. Idan tafin ya dawo da amo, bangon yana mayar da sauti, kuma maganinsa labule mai kauri, kafet a ƙasa, da soso ko tsofaffin katifu a bangon da kyamara ba ta gani. Ya kamata a bambanta abu biyu: waɗannan kayan suna kashe amon cikin ɗaki ne, ba su hana hayaniyar waje shigowa. Hayaniyar waje sai bango mai kauri, da toshe tagogi, da ƙofa mai rufuwa ruf. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare ƙarar titi, ga shi kuma makamashi ne idan gobara ta tashi. Rufin kwano ba tare da silin mai kyau ba yana nufin duk ranar da aka yi ruwa a damina babu aiki.

Ɗakin da zai ɗauki mutum uku da kyamara uku yana son kamar mita bakwai a tsawo da shida a faɗi, rufinsa kuma kada ya gaza mita uku da rabi, domin fitilu su rataya sama da kai. A ware wani ƙaramin ɗaki kusa da shi inda darakta da mai haɗa hoto, wato mai sauya hoto daga wannan kyamara zuwa waccan, da mai sauti za su zauna, saboda darakta magana yake yi ba tsayawa, kuma bai kamata muryarsa ta shiga makirfon baƙi ba.

Zafin Sakkwato ba abin wasa ba ne, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Fankar sama ba ta da wuri a sitidiyo, domin tana da ƙara kuma fukafukanta na yanka haske. A kunna na'urar sanyaya ɗaki awa guda kafin ɗauka, ɗakin ya yi sanyi sosai, sannan a rage ta ko a kashe idan mai sauti ya ce yana jin ta. Zafin nan kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake ba kowa shawarar fitilun LED. Tsohuwar fitilar sitidiyo guda ɗaya tana jan wat 800, biyar daga cikinta wat 4,000 ke nan, kuma kusan duk wannan wuta zafi take zama a kan baƙi. Fitilun LED biyar masu wat 100 ba su wuce wat 500 ba, abin da ƙaramin janareta ko inbata mai sola zai ɗauka.

Na'urar haɗa hoto da ta sauti da wadda ke naɗar shirin dole su kasance a kan inbata ko batirin tsaro, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka, fayil ɗin da ake naɗa yana iya lalacewa gaba ɗayansa. Janareta ya zauna can bayan katanga, nesa da ɗaki gwargwadon yadda waya za ta kai. A sa ƙwararren mai gyaran wuta ya kafa ƙarfen da ke sauke wuta ƙasa, ya kuma riƙa duba shi da rani, saboda busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta kamar jiƙaƙƙiya. Sau da yawa gurnanin da ake ji a ƙarƙashin muryar mai gabatarwa daga nan yake. Wayar sauti kada ta kwanta jere da wayar wuta. Idan dole sai sun haɗu, ɗaya ta gitta ɗaya. Duk wayar da ta ratsa hanya a manne ta da ƙasa da faffaɗan salatif, kuma a ajiye tukunyar kashe gobara irin ta kayan lantarki kusa da ƙofa, domin ba a watsa wa wutar lantarki ruwa.

Gina fage

Fage, wanda ma'aikata suka fi kira saiti, shi ne abin da mai kallo zai zuba wa ido na rabin awa, don haka tambayar farko ita ce: wane wuri muke so ya ji kamar yana ciki? Zaure ne, ko ofis, ko ɗakin karatu, ko tsakar gida? Amsar ita za ta gaya wa kafinta abin da zai yi.

Ana yin bangon fage da filawud mai ƙafa huɗu a faɗi da takwas a tsawo, a kafa shi a jikin firam na katako, a yi masa ƙafar dogara ta baya, sannan a danne ƙafar da buhun yashi don kada ya rufto wa mutane. Guda huɗu ko biyar sun isa. Kada a jera su a miƙe kamar katanga. A karkato na gefe biyu ciki kaɗan domin kyamarorin da ke ɗauka a karkace su sami bango a bayan wanda suke ɗauka, ba duhu ko ƙofa ba. A shafa fentin ruwa marar ƙyalli, domin fentin mai yana mayar da hasken fitila kamar madubi. Fari fat yana cinye fuska, baƙi wuluk yana haɗiye gashi da hula, saboda haka a tsaya a tsakiya: ruwan ƙasa, ruwan toka, shuɗi mai sanyi, ko launin jar ƙasa irin na tsofaffin gine-ginenmu.

A nan ina da ƙorafi a kan 'yan uwana masu ƙananan sitidiyo. Kowa ya manna hoton dogayen benayen wata ƙasa a bayansa, alhali muna zaune a garin da fatarsa ta yi suna a duniya tun ƙarnoni da suka wuce. Filon fata guda biyu daga hannun dukawa, tabarma mai launi, faifai uku a bango, ƙwarya mai zane, baka irin ta soron gargajiya da kafinta zai yanka a filawud, duk ana samun su da kuɗi kaɗan, kuma suna da kauri da inuwa da kyamara ke so, abin da hoton da aka buga a leda ba shi da shi. Sai dai kada a cika, domin fage ba shagon kayan gargajiya ba ne. Abu uku ko huɗu da aka ajiye da tunani sun isa. A kula kada wani abu ya faɗo daidai bayan kan baƙo har ya zama kamar ya tsiro daga hularsa. Idan kuwa za a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a fage, a ɗaga shi sama, kada ya kasance inda ƙafa ke miƙewa ko inda rubutun sunan baƙo zai rufe rabinsa.

Kujeru su yi nesa da bango da aƙalla mita ɗaya da rabi, in da hali biyu. Wannan tazara ita ke hana inuwar mutum faɗawa a bango, ita ke ba fitilar baya wurin aiki, kuma ita ke sa hoto ya yi zurfi. Kujera mai juyawa tana sa baƙo lilo ba tare da ya sani ba, kushin mai laushi kuma yana nutsar da shi har babbar riga ta tattaru a wuya, don haka a nemi kujera mai ƙarfi mai miƙaƙƙen baya. A ɗora kujerun a kan dandamali mai tsayin kamar santimita 25, domin idon baƙo ya yi daidai da idon kyamara ba tare da mai ɗauka ya wuni a sunkuye ba. Idan shirin karatu ne da malam zai zauna a kan darduma ko buzu, dandamalin ya ƙara tsawo, domin ɗaukar malami daga sama yana ƙasƙantar da shi a ido. Mai gabatarwa ya zauna a gefe guda, baƙi biyu a ɗaya gefen, a ɗan karkace suna fuskantar juna.

Game da koren bango da ake sauya wa hoto da kwamfuta, shawarata ga mai farawa ita ce ya haƙura da shi tukuna. Yana son haske mai daidaito daga kusurwa zuwa kusurwa da tazara mai yawa, kuma ranar da baƙuwa ta zo da koren mayafi rabin jikinta zai ɓace.

Haske

Kowane mutum a fage yana buƙatar haske daga wuri uku. Babbar fitila tana tsayawa a gaba, a karkace kamar digiri 45 daga inda yake kallo, sama da kansa kaɗan. Ta biyu tana ɗaya gefen, ƙarfinta kamar rabin na farko, aikinta rage duhun inuwar da babbar ta jefa a fuska ba tare da ta share ta duka ba. Ta uku tana sama ta baya, tana zuba haske a kafaɗa da gefen hula domin ta raba mutum da bango. Bayan waɗannan sai a ba bangon fitilarsa daban. A kunna su ɗaya bayan ɗaya, ana duba allon talabijin, ba fagen ba, domin abin da ido ke gani daban ne da abin da kyamara ke gani.

Babbar jarrabawar mai haske a ƙasar Hausa ita ce farar shadda a jikin baƙin mutum. Kyamara ba ta iya riƙe fari mai ƙyalli da fuska mai duhu a lokaci guda kamar yadda ido ke yi. Idan aka bar ta ta zaɓa da kanta, za ta bi rigar, fuska ta nutse. Ƙa'ida ita ce fuska ake aunawa, da hannu, ba a barin na'ura ta yi gaban kanta. Sai a tare ƙasan babbar fitila da marfinta ko da baƙin kwali, haske ya sauka a fuska, ya ragu a ƙirji. Mafi sauƙi daga wannan duka shi ne furodusa ya roƙi baƙo tun a waya ya zo da tufafi mai ruwan madara ko shuɗi mai haske ko ruwan toka. Haka nan yadi mai siraran layuka da saƙi mai ƙananan zane suna sa hoto ya riƙa rawa kamar ruwa. Mai tabarau kuwa, a ɗaga babbar fitila ko a matsar da ita gefe har hasken ya bar gilashin.

Fitilu kala biyu ne ta fuskar launi: mai ja-ja da ake aunawa 3,200 a ma'aunin kelbin, da mai kama da hasken rana 5,600. A zaɓi ɗaya a tsaya a kanta, kuma a toshe taga don kada rana ta shigo ta gauraya. Bayan an gama saita haske, mai kula da fage ya riƙe farar takarda a inda fuskar baƙo za ta kasance, kyamarori ukun su daidaita farinsu a kan takardar nan guda. Rashin yin haka shi ke sa mutum ya fito ja a wannan kyamara, shuɗi a waccan.

Kyamara

Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan, talabijin ɗinmu kuma hoto 25 yake nunawa a sakan. Kyamarori da yawa da ake sayowa suna zuwa a saitin Amurka na hoto 30 ko 60, shi ya sa wani lokaci ake ganin haske yana ƙyafta ido ko layuka suna gangarowa. A mayar da duka ukun kan 25, saurin ƙyaftawar idon kyamara, wato tsawon lokacin da yake buɗe wa haske a kowane hoto, kuma ɗaya bisa 50 na sakan, faɗin allo 16:9.

Kyamara ta biyu tana tsakiya, tana ɗaukar fagen duka. Ta ɗaya tana hagu, amma wanda ke zaune a dama take ɗauka; ta uku tana dama, tana ɗaukar na hagu. Wannan gittawa ita ke ba da cikakkiyar fuska da ido biyu maimakon kunne da kumatu. A ƙaddara akwai wani layi da ya ratsa daga mai gabatarwa zuwa baƙi. Duk kyamarorin su tsaya a gefe ɗaya na layin, domin idan ɗaya ta tsallaka, mutanen da ke fuskantar juna za su fito kamar duk gabas suke kallo. Idon mutum ya zauna a kashi ɗaya bisa uku na saman allo, a bar ɗan fili a gefen da yake kallo, kuma kada a yanke hula ko rawani, domin masu kallonmu suna lura da wannan ƙwarai. Jar fitilar da ke kan kyamara idan ta kama, hotonka ne ke fita, saboda haka ba motsi, ba gyara, sai in darakta ya ce.

Sauti

Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, amma ba sa haƙuri da muryar da ba sa ji. Ƙaramin makirfon wuya ana maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a ɓoye wayarsa ta cikin riga, a tabbatar ba ya gugar yadi. Sabuwar shadda tana da ƙara, hijabi da amawalin rawani kuma suna rufe shi, don haka a maƙala shi ta waje a gefen da baƙo zai fi juyawa. Kowane baƙo ya yi magana da muryarsa ta gaskiya a gwada, ma'aunin ƙarfin sauti yana kaiwa wajen 12 ƙasa da sifili, kada ya taɓa sifili, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Sababbin batura a kowane shiri, kuma wayoyin hannu a kashe su gaba ɗaya, ba a rage ƙara kawai ba.

Na taɓa ɗaukar hira ta kusan awa guda da wani dattijo da aka sha wahala kafin ya yarda ya zo. Muna kallon ma'auni yana motsi, hankalinmu kwance, babu wanda ya sa abin saurare a kunne. Da muka zauna tacewa sai muka iske carbinsa yana bugun makirfo daga farko har ƙarshe, maganar da ya yi a kan tarihin unguwarsu ba ta saurarowa. Na koma gidansa na ba da haƙuri, ya karɓe ni da mutunci, amma rashin lafiya bai bar shi ya sake zuwa ba. Tun daga ranar ban sake yarda a fara ɗauka ba sai na ga mai sauti da abin saurare a kunnensa biyu.

Ma'aikata da baƙi

Furodusa shi ke da shirin: batu, baƙi, kuɗi, da alhakin abin da aka faɗa. Amma da zarar an rufe ƙofar sitidiyo, magana ta koma hannun darakta, domin ba a sarki biyu zamani ɗaya. Kusa da darakta akwai mai haɗa hoto da ke danna maɓallin kyamarar da aka kira, da mai sauti, da mai sa rubutu a allo, da mai riƙe agogo yana faɗin lokacin da ya rage. A cikin fage akwai masu kyamara uku, da mai haske, da mai kula da fage wanda shi ne bakin darakta da idonsa a wurin. A ƙaramin sitidiyo mutum ɗaya na iya riƙe aiki biyu, darakta ya haɗa hoto da kansa, kyamarar tsakiya a kafe ta ba mai riƙo. Aikin da ban yarda a haɗa shi da wani ba shi ne na mai sauti.

Baƙi su iso minti 45 kafin lokaci, a tarbe su da ruwan sanyi, a bayyana masu inda za su kalla, wato mai gabatarwa, ba kyamara ba. Ba a kai hannu jikin babba ba izini. Mai kula da fage ya rusuna ya ce, "Allah shi gafarta Malam, za mu maƙala wannan ga wuyan riga, in an ba mu dama," ga basarake kuma, "Ranka shi daɗe, a ɗan gyara zama ta nan." Baƙuwa mace ce za ta sa mata makirfo, saboda haka kowace tawaga tana buƙatar mace ko da ɗaya. Dattijon da bai son hoda kada a matsa masa, a ba shi hankici ya dafe zufa a lokacin talla. Suna da muƙami da sarauta kuwa a karɓe su daga bakin mai su, a rubuta, a nuna masa kafin su hau allo, domin a Sakkwato kuskuren sarauta yana iya jawo ɓacin ran da zai daɗe bayan an manta da shirin.

Gwaji da ɗauka

Kafin baƙi su shigo, ma'aikata uku su zauna a kujerun a gwada buɗewa, da fita talla, da dawowa, da rufewa, domin a waɗannan wurare huɗu aka fi tuntuɓe. Darakta yana da kalma biyu a kowane sauyi, ta shiri da ta aiki: "Ta ɗaya, shirya. Ɗauki ta ɗaya." Ya kira lamba, ba suna ba, kuma sauran ma'aikata su yi shiru a kan layin magana sai da larura.

Idan komai ya kammala, darakta ya tabbatar da bakinsa cewa na'urar naɗa tana tafiya. Mai kula da fage ya ce a yi shiru, ya tsaya kusa da kyamarar da za a fara da ita, ya ƙirga daga goma da murya, ukun ƙarshe da yatsu kawai, sannan ya nuna mai gabatarwa. Daga nan hannu ke magana: yatsu a sama adadin mintin da ya rage, jan hannu biyu kamar ana miƙa roba yana nufin a ƙara jan magana, juya yatsa a da'ira yana nufin a naɗe, gitta hannu a wuya yana nufin a tsaya nan take. Waɗannan alamu na mai gabatarwa ne shi kaɗai, kuma a yi su inda baƙo ba zai gani ba, musamman ta ƙarshen, domin nuna wa dattijo yankan wuya rashin ladabi ne ko da ba a yi nufi ba. Darakta ya bi mai magana, amma ya riƙa nuna fuskar mai sauraro lokaci-lokaci, kuma ya sauya hoto a ƙarshen jimla, ba a tsakiyar kalma ba. Idan shirin kai tsaye ne, furodusa ya kasa kunne, domin dokokin hukumar NBC sun ɗora wa gidan da ya watsa alhakin kalaman ɓatanci ko na tunzura jama'a, ko da daga bakin baƙo suka fito.

Bayan sallamar ƙarshe kowa ya zauna yadda yake har darakta ya ce an gama. A naɗi sakan 30 na shirun ɗakin, mai tacewa zai buƙace shi wajen cike gurbi. Kafin a sallami baƙi, a buɗe fayil a kalli farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, a saurara da kunne. Sannan a kwafe shi wuri biyu daban, a rubuta masa sunan shiri da kwanan wata, kuma kada a goge katin kyamara sai an tabbatar kwafin biyu suna buɗewa. A kashe lasifika kafin na'urar sauti, a cire batura a sa su caji, a naɗe wayoyi da sassauci ba a kan gwiwar hannu ba. Da hunturu ƙura tana shiga ko ta ƙarƙashin ƙofa, don haka a rufe idon kowace kyamara da murfinsa, a lulluɓe na'urori da zane mai tsabta, idan kuma ƙura ta riga ta hau gilashin, a hure ta da famfon roba kafin a goge da ƙyallensa na musamman, ba da bakin riga ba.